KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KWASHE KUƊI: Yadda Hollywood ta mayar da gandayen bayi wuraren shan soyayya

Jama'a, rubutun yau yana da tsawo. Mai sauri ya ajiye shi sai ya samu natsuwa, don ba na son a karanta layi uku a zo ana min gardama a kan abin da na riga na amsa a ƙasa.

Ranar 15 ga Mayun 2025 gobara ta kama wani katafaren gida mai suna Nottoway da ke bakin kogin Mississippi a jihar Louisiana ta Amurka, ta cinye shi. An gama gininsa a 1859, kuma shi ne mafi girma cikin gidajen masu gandun bayi da suka rage a kudancin ƙasar. Bidiyon wutar ya zagaya duniya har ya iso wayoyinmu. Ni dai abin da ya tsaya min a rai shi ne maganganun da na ga mutanenmu suna yi. Wannan ya ce an yi asarar tarihi, wancan ya ce Allah Ya mayar da alheri, wata kuma ta ce, "Kai, gida kamar a fim!"

Wallahi ita ta fi kowa faɗar gaskiya, ko da ba ta sani ba. Mun san irin wannan gida tun kafin mu san sunansa: fari tas, dogayen ginshiƙai, baranda sama da ƙasa, ga miƙaƙƙiyar hanya da manyan bishiyoyi suka yi wa rumfa. A fim muka fara ganinsa, da kiɗa mai taushi, budurwa da doguwar riga tana saukowa daga bene. Sama da shekara 80 ke nan ana koya wa idon duniya cewa in ya ga wannan gini ya ji sha'awa, kuma idon ya koya.

Mai gidan Nottoway, John Hampden Randolph, manomin rake ne. A 1860 yana riƙe da mutum 155 a matsayin dukiyarsa, kamar yadda kai kake riƙe da akuya. Da hannunsu aka gina gidan, da guminsu aka biya kuɗin ginin. Har zuwa ranar gobarar kuwa, otal ne da wurin shagalin biki.

ME AKE YI A GANDUN RAKE?

Bari mu fara da abin da kyamara ba ta son nunawa. Wanda ya taɓa tsayawa inda ake dafa mazarƙwaila ya san zafin wurin. To ku ƙiyasta wannan aikin a gona mai ɗaruruwan eka, da bulala a bayanka. A Louisiana sanyi yana lalata rake, don haka daga Oktoba zuwa ƙarshen shekara dole a sare shi, a matse, a dafa cikin gaggawa. Injin matsewa ba ya tsayawa dare da rana. Mutum yana yin awa 16 zuwa 18 a tsaye. Gyangyaɗi ɗaya, inji ya ja hannu. Santsi ɗaya, mutum ya faɗa tafasasshen ruwan rake a manyan tukwanen ƙarfe da ke jere a kan wuta.

Masana tarihi sun gano cewa a yankunan raken Louisiana masu mutuwa cikin bayi sun fi waɗanda ake haifa yawa. Shi ya sa kullum ake cike gurbi daga kasuwar bayi ta New Orleans, wadda ta fi kowacce girma a ƙasar. Kusan mutum miliyan ɗaya aka raba da iyalansu daga jihohi irin su Virginia da Maryland aka kora su kudu. A ƙidayar 1860 bayin Amurka sun kusa miliyan 4.

Waɗancan tukwanen ƙarfe suna nan har gobe a farfajiyar gidajen. Kun san me ake yi da su yanzu? Ana shuka furanni a ciki, ko a cika su da ruwa don ado.

GIDA UKU, KU DUBA INDA KYAMARA TA KALLA

Na farko Oak Alley, wanda hotonsa ya fi na kowane yawo. An gina shi tsakanin 1837 da 1839, ginshiƙai 28 daidai da bishiyoyi 28 da ke jere a gabansa. Nan aka ɗauki wani ɓangare na Interview with the Vampire a 1994, na Brad Pitt da Tom Cruise. Nan aka ɗauki wani ɓangare na Primary Colors. Har Beyoncé ta yi bidiyon waƙa a wurin a 2006. A fim ɗin Brad Pitt, mai gandun ya zama maye mai rayuwa da jinin mutane, sai aka kira abin tatsuniya. Ni kuwa a ganina nan ne kaɗai fim ɗin ya kusa faɗar gaskiya, don masu gidan na ainihi da jinin mutane suka rayu. Amma wa aka ce mu tausaya wa? Maye, da kaɗaicinsa da baƙin cikinsa. Bayin suna can baya, inuwoyi a bakin wuta.

A wannan gandun akwai wani bawa mai kula da lambu, sunansa Antoine. Wajen 1846 ya yi nasarar yi wa bishiyar pecan aure, kamar yadda muke yi wa mangwaro, abin da ya gagari wasu kafinsa. Irin da ya fitar ya samu yabo a babban baje kolin Philadelphia na 1876, kuma aikinsa na cikin abin da ya buɗe hanyar noman wannan 'ya'yan itace don kasuwa. Ko sunan mahaifinsa ba a rubuta ba. Ga labarin fim a kwance, shekara da shekaru kyamarori suna shiga suna fita ta kansa.

Na biyu Boone Hall, kusa da Charleston a jihar Carolina ta Kudu. 'Yan matanmu masu son The Notebook, wancan gidan hutun iyayen budurwar da kuke gani, shi ne. Kafin nan an ɗauki North and South a wurin a shekarun 1980. A gefen wannan hanya mai bishiyoyi da mota ke bi a fim, akwai ɗakunan bayi guda 9 na jan bulo a jere. Taku kaɗan ne tsakani. Mai riƙe da kyamara sai ya san inda zai tsaya kafin ya iya kauce musu. Bayin gandun sun yi miliyoyin bulo da aka gina Charleston da su, kuma a jikin wasu bulon ana ganin shatin yatsunsu har yau. Abin dariyar ma, shi babban gidan da ake ɗauka a fim ba tsohon ba ne, a 1936 wani ɗan Kanada ya gina shi. Ɗakunan bayin ne tsofaffin gini. Wato an ɗauki na jabun an nuna, an ɓoye na ainihin.

A wannan wurin ne jarumai Ryan Reynolds da Blake Lively suka yi bikin aurensu a 2012. Sai a 2020, bayan kisan George Floyd, mijin ya fito ya nemi gafara a bainar jama'a. Na yaba masa, neman gafara ba ƙaramin abu ba ne. Amma ku tambayi kanku, ta yaya mutum biyu masu ilimi da kuɗi da masu ba su shawara za su wuce ta gaban ɗakunan bayi 9 su je su yanka kek ba su ji komai ba? Amsar ita ce a sana'ar da suka tashi a ciki, wannan wuri sunansa lokeshan.

Na uku Destrehan. A Janairun 1811 ɗaruruwan bayi ƙarƙashin jagorancin Charles Deslondes suka tashi daga gandayen bakin kogi suka nufi New Orleans, tawayen bayi mafi girma a tarihin Amurka. Aka murƙushe su cikin 'yan kwanaki. A gidan Destrehan aka kafa ɗaya daga cikin kotunan da suka yanke musu hukuncin kisa. Kusan mutum 100 aka kashe, aka fille kawunan da dama aka soke a kan sanduna a bakin kogi don su zama izina. Wannan gida ma an ɗauki Interview with the Vampire a cikinsa. Dan Allah ku tsaya ku yi tunani.

TUSHEN ƘARYAR

Uwar wannan hoto duka ita ce Gone with the Wind ta 1939, fim ɗin da in aka yi lissafi da darajar kuɗin yau har yanzu babu wanda ya kai shi ciniki. Gidan da ke ciki, Tara, babu shi a duniya. Fuskar gida ce kawai aka kafa da katako a filin wani kamfanin fim a Kalifoniya, babu ɗakuna a bayanta. A cikin fim ɗin bayi suna son iyayen gidansu, suna jin daɗin zamansu, masifar da ta faɗo wa kowa ita ce yaƙin da ya 'yanta su.

Da aka yi bikin fara nuna shi a Atlanta, baƙaƙen jaruman da suka fito a ciki ba su halarta ba saboda dokar wariya. Hattie McDaniel, wadda ta fito a matsayin baiwa mai raino, ta ci Oscar a 1940, baƙar fata ta farko da ta ci. A wurin bikin ma ba a zaunar da ita a teburin abokan aikinta ba, can gefe aka ajiye ta.

Bayan wannan fim sai masu yawon buɗe ido suka bazama kudu suna neman Tara. Masu tsofaffin gidaje suka ga kasuwa, suka gyara fenti, suka sa wa 'yan jagora dogayen riguna irin na fim, suka koyi cewa "ma'aikata" ko "masu hidima" a inda ya kamata a ce bayi. Ɗakunan bayi da yawa aka bar su suka rushe. Kun ga yadda abin yake juyawa: fim ya ƙirƙiro gidan ƙarya, gidajen gaskiya suka kwaikwayi na ƙaryar, sabbin finafinai suka zo suka ɗauki kwaikwayon suka ce ga tarihi.

TO, WAƊANDA SUKA NUNA GASKIYA FA?

Na san wani zai kawo min 12 Years a Slave. Daidai ne, kuma ina girmama wannan aiki. Steve McQueen ya ɗauke shi a gandaye huɗu na Louisiana, ciki har da Felicity da Destrehan, ya ci Oscar na gwarzon fim a 2014. Wanda ya ga inda aka rataye Chiwetel Ejiofor yana ɗage da 'yan yatsun ƙafa a cikin taɓo, yara suna wasa a bayansa, kyamara ta ƙi kau da kai, ba zai sake kallon waɗannan bishiyoyi da ido ɗaya ba. Wannan fim hujjata ce. Ya nuna cewa wuri ɗaya, bishiya ɗaya, ana iya faɗar gaskiya da su in an so.

Amma ko shi bai kuɓuta gaba ɗaya ba. Ainihin gidan Edwin Epps, azzalumin da ya riƙe Solomon Northup shekara 10, yana nan, an ɗauke shi an kai harabar wata jami'a a Alexandria ta Louisiana. Ɗan madaidaicin gidan katako ne. A fim sai aka ba shi Felicity mai ginshiƙai, don idon mai kallo ya saba da cewa mai bayi a fada yake zaune. Alhali mafi yawan masu bayi a Amurka ba su mallaki mutum 20 ba. Mutane ne gama-gari masu zuwa coci ranar Lahadi, kuma wannan ya fi ban tsoro.

Django Unchained kuma, na Tarantino, an ɗauki wani ɓangarensa a Evergreen, inda ɗakunan bayi 22 ke tsaye a layi biyu a inda aka gina su tun asali. Wuri ne da ya kamata mutum ya rage murya in ya shiga. Aka yi fim ɗin harbe-harbe da barkwanci, aka samu sama da dala miliyan 400. Har 'yan tsana aka ƙera na bayin da ke fim ɗin ana sayarwa, sai da aka yi ca sannan aka janye su. Spike Lee ya ce shi ba zai kalla ba, don rashin mutunci ne ga kakanninsa. Kana iya saɓa masa, amma ba ka ce ba shi da dalili ba.

WA KE CIN KUƊIN?

Nan ne maganar kura da gardi ta shigo. Tun 2002 jihar Louisiana take jawo kamfanonin fim da rangwamen haraji mai tsoka, wanda kan kai kashi 40 cikin 100 na abin da suka kashe a jihar. Kamfani ya samu rangwame. Mai gandu ya karɓi kuɗin hayar lokeshan. Fim ya fita, baƙi su ƙaru, kuɗin shiga ya ƙaru, masu biki su yi layi. Jikokin waɗanda suka gina wurin, waɗanda yawancinsu suna zaune a ƙauyukan da ke manne da gandayen, ba su da ko sisi a wannan lissafi.

Ba yau aka fara ba. Da Birtaniya ta soke bauta a 1833, fam miliyan 20 ta ware ta biya diyya, kuma masu bayin ta biya. Bashin da ya haɗa da wannan kuɗi sai a 2015 aka gama biyansa. Gidan Harewood a Ingila, wanda aka gina da arzikin rake da bayi na tsibiran Karibiyan, shi kuka gani a fim ɗin Downton Abbey na 2019 ana rawa. A Amurka kuma, a Janairun 1865 an yi wa 'yantattun bayi alkawarin eka 40 kowane gida a gaɓar tekun kudu. Kafin shekara ta ƙare Shugaba Andrew Johnson ya mayar wa tsofaffin masu gandu filayensu. Kun san sunan da ake kiran filin Kalifoniya inda aka kafa Tara? Eka Arba'in. Allah mai iko.

Yau in ka bi bakin kogin nan tsakanin Baton Rouge da New Orleans, tafiyar mil 85, tsofaffin gandaye da yawa sun zama matatun mai da masana'antun sinadarai, sama da 100. Yankin har laƙabi gare shi saboda yawan ciwon daji. Su wa ke shaƙar hayaƙin? Yawanci jikokin bayin nan ne. Darakta yana ɗaukar faɗuwar rana a bayan bishiyoyi, yana lura kada bututun hayaƙi ya shigo masa hoto. Da ɗakunan bayi yake kauce wa, yanzu ya ƙara da bututu.

MASU CEWA...

Masu cewa "ai fim ne kawai": a 1915 aka fitar da The Birth of a Nation, wanda ya nuna 'yan ta'addar Ku Klux Klan a matsayin jarumai. Har a fadar shugaban Amurka aka nuna shi. A wannan shekarar aka sake kafa ƙungiyar a jihar Georgia, ta yi shekaru tana amfani da fim ɗin wajen ɗaukar mabiya, cikin shekara 10 ta tara miliyoyi. Mu da muke ganin yadda ɗinki ɗaya a fim ɗin Kannywood ke cika gari kafin sallah, mu ne za mu ce fim ba ya tasiri?

Masu cewa "kuɗin fim da na biki ne ke hana gidajen rushewa": akwai ƙamshin gaskiya, gyaran tsohon gini yana cin kuɗi. Amma ku je ku ga Whitney, a wannan bakin kogin dai. Wani lauya, John Cummings, ya zuba miliyoyin daloli, ya ɗauko masanin tarihi ɗan Senegal, Ibrahima Seck, suka buɗe shi a 2014 a matsayin gidan tarihin bauta. Sunayen bayi ne a jikin bango. Akwai filin tunawa da yara sama da 2,000 da suka mutu cikin bauta a yankin. Ba a biki a wurin, kuma mutane suna zuwa. A 2024 ma wasu tagwaye jikokin bayin yankin, Jo da Joy Banner, ƙungiyarsu ta sayi gidan Woodland inda tawayen 1811 ya fara. Ashe ana iyawa.

Masu cewa "gini ba shi da laifi": ni ma ban ce a rushe ba, kuma ban yi murna da gobarar Nottoway ba. Abin da ya ƙone aikin hannun bayi ne, shaida ce a kan masu gidan. Maganata a kan ladabin shiga wurin take. Da Spielberg zai ɗauki Schindler's List bai ɗauka a cikin sansanin Auschwitz ba, a wajen ƙofa ya kafa kayansa. Babu mai tunanin yin fim ɗin soyayya ko walimar aure a can. Me ya sa inda aka azabtar da baƙar fata ne kaɗai ake iya shimfiɗa jan kafet? Mu Musulmi ma muna da abin koyi. A hanyar Tabuka, da Manzon Allah (SAW) ya bi ta kufan Samudawa, ya hana sahabbai shiga gidajen waɗanda suka yi zalunci sai dai suna masu kuka, ya rufe kansa ya gaggauta wucewa. Kufan zalunci wurin wa'azi ne.

ME YA SHAFE MU?

Ya shafe mu ta fuska biyu. Ta farko, akwai namu a can. Wata masaniyar tarihi, Gwendolyn Midlo Hall, ta tattara bayanan bayi sama da 100,000 daga tsofaffin takardun Louisiana, na ciniki da na gado da na kotu. Cikin ƙabilun da aka rubuta akwai Bambara, Wolof, Fulani, Yarbawa, Ibo, akwai kuma Hausawa. Wani da aka haifa a ƙasar nan, mai jin yaren da nake rubutu da shi yanzu, ya sari rake a bakin Mississippi har ya mutu ba a yi masa sallah ba. Idan ka ga farin gidan nan ka ce "masha Allah", ka san a kan wa kake faɗa.

Ta biyu ita ce mai ɗaci, kuma na san nan wasu za su fara zagina. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu ma muna da rinji, muna da gandu. Masana sun ƙiyasta cewa wajen 1900 akwai bayi tsakanin miliyan 1 da miliyan 2 da rabi a Daular Sakkwato. Mohammed Bashir Salau ya rubuta littafi sukutum a kan gandayen bayi na Fanisau, nan kusa da Kano. Baba ta Karo ta ba da labarin rinjin gidansu da bakinta. Sai a 1936 aka soke bauta kwata-kwata a dokar Arewacin Najeriya. A Nijar sai a 2003 aka mayar da ita laifin da ake ɗaurewa, kuma a 2008 Hadijatou Mani ta yi nasara a kotun ECOWAS a kan bautar da ita da aka yi. Ban ce tsarinmu da na Amurka ɗaya ne ba, akwai bambance-bambance masu yawa. Amma uwar da aka raba da ɗanta a kasuwa, kukanta iri ɗaya ne a kowane yare.

To yaya muke nuna wannan a namu finafinan? Ku tuna finafinan sarauta da kuka kalla. Kuyangi a jere suna yi wa gimbiya fifita, bayi suna zubewa suna kirari. Wa ya taɓa tambayar daga wane gari aka kamo kuyangar nan, ina uwarta? Ado ce, kamar kilishi da tumtum. Abin da muke zargin Hollywood da shi ke nan, sai dai namu kasafin kuɗin ƙarami ne. Alhali magabatanmu sun fi mu ƙarfin hali. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar tun shekarun 1930, labarin yaron da aka sace da uwar da ta bi sawunsa har hamada, Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. Kusan shekara 50 ke nan. Wa ya ɗora?

ABIN DA NAKE NEMA

Ba wani abu mai wuya ba ne. Duk wanda zai ɗauki fim a gandun bayi ya rubuta a ƙarshen fim ɗin cewa wurin gandun bayi ne, ya jera sunayen da aka sani na waɗanda aka bautar a ciki, yadda yake jera sunan direba da mai dafa abinci. A ware kaso daga kuɗin haya a bai wa al'ummar jikokinsu, su kuma su samu kujera a inda ake yanke shawarar abin da za a ɗauka. Wanda labarinsa na soyayya ne zalla, ya je ya nemi wani gidan, kyawawan gidaje ba su ƙare a Amurka ba. Biki kuwa a daina shi ɗungurungum. Tun 2019 ma Pinterest ta rage tallata irin waɗannan bukukuwa bayan matsin lambar ƙungiyar Color of Change, kuma sama ba ta faɗo ba.

Mu kuma masu kallo, namu aikin bai fi tambaya ɗaya ba. Duk ranar da ka ga farin gida mai ginshiƙai a fim, da hanya mai rumfar bishiyoyi, ka tambayi kanka me ke hagu da dama da kyamarar ta ƙi juyawa ta nuna. Marubutan Kannywood da ke bibiyata, ga ƙalubale: ku ba kuyangar nan suna, ku ba ta gari, ku bar ta ta yi magana ko sau ɗaya.

Ya zo a hadisi ingantacce cewa cikin mutum uku da Allah da kanSa zai yi husuma da su ranar ƙiyama akwai wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗin, da wanda ya sa ma'aikaci aiki ya hana shi ladansa. Wannan shari'ar tana nan tafe, ba ta hannunmu. Abin da ke hannunmu shi ne kada mu taya a yi wa wurin fenti.

Mai gardama bismillah, amma ya zo da hujja, zagi ba ya goge tarihi. Allah Ya ji ƙan waɗanda aka zalunta, na can da na nan, Ya sa mu fi ƙarfin son zuciyarmu.